Me Ya Sa Bidiyo Yake Ciccijewa a Tsohuwar Kwamfutata, Alhali Waya Tana Kunna Shi Sumul?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur Dell OptiPlex 780 da na saya ta hannu shekarun baya, mai Core 2 Duo E8400, RAM 4GB da Windows 10. Da can ina kallon karatu da darussa a YouTube lafiya lau. Yanzu hoto sai ya riƙa ciccijewa, murya ta wuce ta bar bakin mai magana a baya, fanka kuma tana ta kuka. Bidiyon da na sauke ma wasu su tafi daidai, wasu su ƙi. An yi mata fomatin sau biyu, na sauya layin data, ba ta canza zani ba. Wayata kuwa tana kunna bidiyon nan sumul a kan intanet ɗin. Mai gyara ya ce in ƙara RAM. In ƙara, ko in haƙura da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, riƙe kuɗin RAM ɗinka a aljihu tukuna, kuma don Allah kada a yi mata fomatin na uku. A cikin tambayarka ka faɗi abu biyu da suka kusa warware maganar. Waya tana kunna bidiyon sumul a kan layin da kwamfutar take cijewa, ka ga intanet ya fita daga zargi ke nan. Sannan a cikin waɗanda ka sauke, wasu suna tafiya wasu suna ƙi. Da bairos ne, ko Windows ce ta lalace, ba za ta tsaya zaɓen fayil ba, duka za ta hana. Injin da ya kunna wannan ya ƙi wancan yana gaya maka cewa bambancin a cikin bidiyon yake. An daɗe ana dukan taiki an bar jaki.

Kwamfutarka ba ta rage gudu ba. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da take yi wa kwamfuta lissafi (taka ita ce E8400), ba ta tsufa irin na ɗan Adam. Gigahaz 3 ɗin da E8400 take yi tun fitowarta a 2008, shi take yi yau, in dai zafi bai takura mata ba, kuma zan zo kan zafin. Abin da ya sauya shi ne irin bidiyon da ake aiko mata.

Bidiyo hotuna ne a jere, galibi 30 a kowace daƙiƙa, wani lokaci 60. Hoto ɗaya na 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Ninka sau 30, ka sami ɗigo sama da miliyan 62 a daƙiƙa ɗaya. Da za a aiko maka su yadda suke, da sun haura megabait 90 a daƙiƙa, datar gigabait guda ba za ta kai ka daƙiƙa 12 ba. Shi ya sa ake matse bidiyo kafin a aiko. Dabarar kuwa mai sauƙin fahimta ce. Ɗauki malami zaune yana karatu: bango ba ya motsi, kujera ba ta motsi, bakinsa da hannunsa ne kawai suke aiki. Sai a aiko cikakken hoto ɗaya, waɗanda suke biye kuma a aiko bayanin bambanci kaɗai, wato wannan yanki ya matsa dama kaɗan, wancan yana nan yadda yake. Kwamfutarka ce za ta zauna ta sake gina kowane hoto daga wannan bayani, kuma lokacin da take da shi kashi ɗaya ne cikin talatin na daƙiƙa. In ba ta gama ba, sai ta yar da hoton ta kama na gaba. Wannan yarwar ita ce ciccijewar da kake gani. Sauti ba shi da nauyi, shi ya sa yake tafiyarsa ya bar baki a baya.

Tsarin da ake matsewa da warwarewa shi ake kira kodek, kuma ba guda ɗaya ba ne. H.264 ya fito a 2003, shi ne ya mamaye duniya a lokacin da aka ƙera kwamfutarka. A 2013 Google ta fito da VP9, a shekarar ne kuma aka kammala H.265 wanda aka fi sani da HEVC. A 2018 sai ga AV1. Kowane sabo yana matse bidiyo fiye da na baya, hoto ya yi kyau da data kaɗan, amma ladan wannan matsi lissafi ne mai yawa wajen warwarewa. YouTube yana aika wa duniya bidiyo dare da rana, rage data riba ce gare shi, don haka in burauzarka ta ce ta iya VP9 ko AV1, su zai ba ta. Chrome kuwa kullum cewa take ta iya. Gaskiya ta faɗa, ta iya, sai dai ba ta faɗi wanda zai yi wahalar ba.

A nan sirrin wayarka yake. Hatsi ana iya daka shi a turmi, ana iya kai shi inji. Furosesa mai daka ce: duk abin da ka zuba mata za ta daka, gero ko dawa ko masara, amma da ƙarfin damtse, tana gumi. A cikin waya kuwa, da cikin kwamfutocin da suka biyo bayan taka, akwai wani ɗan ɓangare da aka ƙera ba ya aikin komai sai warware bidiyo. Shi ne injin niƙa. Yana gamawa nan da nan, ba ya cin wuta, ba ya zafi. Aibinsa ɗaya, abin da aka ƙera shi dominsa kaɗai yake niƙawa. Injin da aka yi don H.264 ba zai taɓa VP9 ba, sai a mayar wa turmi. Yawancin wayoyin Android na shekarun nan, har masu araha, suna da injin H.264 da HEVC da VP9. Saboda haka kada ka ɗauka wayar ta fi kwamfutar taka ƙarfi a komai. Inji gare ta, ita kuwa kwamfutar daka take yi.

OptiPlex 780 ta fito a 2009 don aikin ofis. Ɓangaren hoton da ke manne a babban allon da ke cikin cikinta (motherboard), GMA 4500, an yi shi ne don takardu da lissafi, ko H.264 ba ya warwarewa cikakke, balle waɗanda aka haifa bayansa. Wannan ba laifin wanda ya ƙera ta ba ne, ba a yi ta don kallo ba. Duk bidiyon da ka kunna, a kan ƙwayoyi biyun E8400 yake sauka. Suna iya wa H.264 a 720p cikin sauƙi, 1080p mai hoto 30 ma suna taɓukawa in ba a haɗa su da wani aiki ba. Amma 1080p mai hoto 60, ɗigo miliyan 124 ke nan a daƙiƙa, in kuma da AV1 aka matse shi, an ɗora musu Dala ba gammo. Ƙari a kan haka, manhajojin warware sababbin kodek sun fi sauri da wasu umarnin lissafi da ake kira AVX2, waɗanda Intel ba ta saka ba sai a 2013. Taka ba ta da su.

Kada ka ɗauki maganata haka nan, gwada da kanka, minti biyar ya isa. Kunna bidiyon da yake cijewa a YouTube, danna maɓallin dama na linzami a kan hoton, zaɓi Stats for nerds. Wani ɗan akwati zai fito. Dubi layin Codecs: avc1 shi ne H.264, vp09 shi ne VP9, av01 shi ne AV1. Dubi layin Frames, zai gaya maka hoto nawa aka yar cikin nawa. Sai layin Buffer Health, wanda yake nuna daƙiƙa nawa na bidiyo suka riga suka sauka suna jira. In wannan yana nuna daƙiƙa 20 ko 30 amma lambar hotunan da aka yar tana ta hawa, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana, kwamfutar ce. In kuwa yana faɗuwa sifili, hoto ya tsaya cak da'ira tana juyawa, sauti ma ya ɗauke, to wannan intanet ne. Mutane suna haɗa ciwon nan biyu su kira su suna ɗaya, alhali maganinsu daban. YouTube da kansa megabit 5 a daƙiƙa (megabit takwas ne megabait ɗaya) yake nema don 1080p, biyu da rabi don 720p, ba wani abu mai yawa ba. Bayan haka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ina kyautata zaton za ka tarar da furosesa tana kan 90 zuwa 100 cikin ɗari muddin bidiyon yana tafiya.

In haka ne, gyaran farko kyauta ne. Akwai wani ɗan ƙari da ake saka wa Chrome ko Firefox mai suna enhanced-h264ify. Aikinsa ya ɓoye wa YouTube cewa burauzarka ta san VP9 da AV1, dole ya aiko H.264. A cikinsa akwai wurin hana bidiyo mai hoto 60, ka kunna shi, domin wannan kaɗai ya raba aikin biyu. Sai ka riƙa tsayar da ingancin hoto a 720p da hannunka, kada ka bar wa YouTube zaɓi. Ɗigon 720p 921,600 ne, bai kai rabin na 1080p ba. Kuma bari in tambaye ka, wane allo ne a gabanka? Yawancin allon da ake haɗawa da irin waɗannan kwamfutoci a kasuwa mai inci 17 ne ko 19, 1280 da 1024, ko 1366 da 768, ko 1440 da 900. In irinsu gare ka, 1080p ba ya ma samun wurin zama a kansa. Kwamfutar ta sha wahala ta gina hoton, ta sake shan wahala ta rage shi ya shiga allon, kai kuma ka biya kuɗin datar da idonka bai gani ba. A alamar saiti da ke ƙasan bidiyon, in ka ga Ambient mode a kunne, kashe shi. Ado ne kawai, hasken da yake malala a gefen hoto, kuma yana da nasa nauyin.

Sai dai in gaya maka gaskiya a kan wannan ɗan ƙarin, don kada ka sa rai fiye da kima. Inda yake yin abin mamaki shi ne a kwamfutocin Core i3 da i5 na tsara ta biyu zuwa ta shida, wato daga 2011 zuwa 2015, domin su suna da injin H.264 a zaune ba ya aiki, YouTube yana ta aiko musu VP9. Da ka saka shi sai furosesa ta sauko daga sama ta huta. A taka babu injin, dakan dai za a ci gaba da yi, an sauya mata hatsi mai taushi ne kawai. Za ka ga sauƙi, musamman da 720p da hana hoto 60, amma fanka ba za ta yi shiru gaba ɗaya ba.

Abu na biyu, fomatin ɗin da aka yi sau biyu yana iya zama ya ƙara ciwon. Da yawan masu fomatin, da zarar Windows ta hau allo ya kawo haske, sun gama, ba sa waiwayar direban hoto, wato manhajar da take sa Windows ta iya aiki da ɓangaren hoto. Buɗe Device Manager, duba ƙarƙashin Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, babu direba ke nan, Windows tana zana komai da furosesa, har faɗaɗa hoton bidiyo ya cika allo. Abin da ya kamata ka gani suna ne mai Intel da Q45 a ciki. In babu, haɗa ta da intanet ka bar Windows Update ya nemo. Direban na zamanin Windows 7 ne, amma ya fi babu nesa ba kusa ba. Ka guji manhajojin nan da suke alkawarin sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya, tarkacen da suke shigowa da shi ya fi amfaninsu.

Yanzu zafi. Ka ce fanka tana kuka, wannan ya tsaya mini a rai. Furosesa tana da dabarar kare kanta: in zafinta ya doshi digiri 100, sai ta rage gudu da gangan don kada ta ƙone. Alamar wannan ita ce bidiyo ya fara lafiya, bayan minti biyar ko goma ya soma in'ina, in ka kashe ta huta ya sake farawa lafiya. A ƙasarmu kuwa, inda hunturu yake zuwa da ƙura watanni, bazara ta biyo da zafin da yake haura digiri 40 a inuwa, kwamfutar da ta shekara ba a buɗe ta ba sai ka tausaya mata. Na sha buɗe irin taka in tarar ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya ta zama kamar bargo, ana ɓare ta da yatsa a ɗago ta guda. Iska ba ta wucewa, fanka tana ta ihu a banza. Sauke ƙaramar manhaja irin Core Temp ko HWMonitor, kunna bidiyo, zuba ido. In tana wasa tsakanin 60 da 70, lafiya. In tana haura 85, cire wuta, buɗe murfi, fitar da ita waje a busa da bulawa, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Sannan a ɗaga ƙarfen sanyaya a goge tsohon man da ke tsakaninsa da furosesa. Man da aka shafa tun 2009 ya zama busasshiyar ƙasa. A ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar a ɗaure. Wannan aiki ne da ya kamata a yi ko da bidiyo ba ya cijewa, kuma in kwamfutar a ƙasa take a kan siminti ko darduma, ɗora ta a kan tebur.

Mu koma kan bidiyon da ka sauke. Dubi sunayen waɗanda suke ƙi, zan yi mamaki in ba ka ga x265 ko HEVC ko 10bit a jikinsu ba, waɗanda suke tafiya kuma x264 ko H264 (x265 alamar HEVC ce, x264 ta H.264). In sunan bai nuna ba, buɗe fayil ɗin a VLC ka danna Ctrl da J, zai gaya maka kodek ɗinsa. Akwai wani ruɗu a nan da yake kama mutane: sai a ga fayil ƙarami a ɗauka zai fi sauƙin kunnawa. Sau da yawa akasin haka ne. Ƙanƙantarsa ta zo ne daga tsananin matsi, kuma kwance ƙullin da aka ɗaure tamau ya fi cin ƙarfi. Masu tura finafinai da karatu a filash sun fi son irin waɗannan don ba sa cin wuri, a waya kuma lafiya suke tafiya, ba wanda ya kawo musu ƙara. Haka bidiyon biki ko walima da aka ɗauka da iPhone: tun 2017 da HEVC take ɗauka in ba an sauya mata saiti ba, wasu wayoyin Android ma haka.

Mafita a nan iri biyu ce. In kana da zaɓi wajen saukewa, ɗauki x264 mai 720p ko da ya fi girma. In kuwa fayil ne da ba ka da madadinsa, manhajar HandBrake kyauta ce, za ta juya maka shi zuwa H.264; zaɓi tsarin Fast 720p30 ka bar ta. A kan Core 2 Duo za ta ɗauki sa'o'i, aikin dare ne ranar da wuta ta zauna, amma sau ɗaya ake yi. Ga fayilolin H.264 masu nauyi da suke ɗan cijewa a VLC, shiga Preferences, ɓangaren Input / Codecs, nemi Skip H.264 in-loop deblocking filter ka mayar da shi All. Hoton zai ɗan rage santsi, furosesa kuma ta sami numfashi. Gaba ɗaya ma, bidiyo ya fi sauƙi a VLC ko MPC-HC fiye da cikin burauza, domin burauza tana ɗauke da shafi da talla da sharhi da hotunan gefe duk a lokaci guda. Darasin da za ka maimaita kallonsa, gara ka same shi a fayil.

To, RAM fa? Mai gyaranka bai yi ƙarya ba cewa 4GB ya yi wa Windows 10 da Chrome kaɗan. Amma RAM faɗin tabarma ne, wurin baza kaya, ba ya ƙara wa mai daka ƙarfi. A Task Manager ɗin nan dubi Memory lokacin da bidiyo yake cijewa. In yana ƙasa da 80 cikin ɗari furosesa kuma tana 100, ko ka cika ta da RAM ba abin da zai sauya a bidiyon. In kuwa ya cika maƙil, faifan ajiya ma yana nuna 100, fitilarsa ba ta ɗaukewa, to Windows ta rasa wuri tana kwashe kaya zuwa faifai, a nan ƙari zai yi amfani. Kafin ka saya, rufe sauran shafuka ka bar ɗaya ka gani. Ka kuma duba ko Windows ɗinka mai 32-bit ce, domin ita ko 4GB ɗin ba ta gani duka, uku da 'yan kai take amfani da shi. In ka tashi saye, 780 DDR3 take ci amma tana da tsirfa: sandar 4GB mai ƙwayoyi takwas a fuska ɗaya ba ta cika karɓa ba, mai ƙwayoyi a fuska biyu take so. Tafi da kwamfutar a gwada a gabanka.

SSD, wato faifan ajiya na zamani mai sauri, shi ma haka. Zai sa ta tashi da wuri, manhajoji su buɗe nan take, za ka ji kamar an sauya maka ita, kuma in kuɗin abu ɗaya gare ka don jin daɗin aiki gaba ɗaya, shi zan ce ka saya kafin RAM. Amma bidiyon 1080p na YouTube ko megabait ɗaya ba ya nema a daƙiƙa, tsohon faifanka yana ba da ninkin wannan sau da yawa. Ba a nan gizo yake saƙa ba.

Abin da yake taɓa ciwon kai tsaye, in za a kashe kuɗi, shi ne a saya mata injin niƙan, wato katin hoto. A nan ake yawan yin asara, don haka ka kula. Katin da aka fi tallatawa da araha shi ne GT 710 da GT 730, da tsofaffi irin GeForce 210. Waɗannan H.264 suka iya, ba su san VP9 ko HEVC ba. Da enhanced-h264ify za su yi maka YouTube a 1080p, amma fayilolin x265 suna nan yadda ka bar su. Wanda ya dace shi ne GT 1030 na 2017: yana warware H.264 da VP9 da HEVC har mai 10bit, wat 30 yake ci, ba ya neman wata wayar wuta daban. AV1 ne kawai bai iya ba, sai ka bar ɗan ƙarin nan ya hana AV1 shi kaɗai. Kafin ka biya, lura da jikin kwamfutarka. In siririya ce, sai kati mai gajeren ƙarfe; in ƙaramar can ce ta ƙarshe, ba ta da ramin kati ma sam. Sannan yawancin GT 1030 ba su da ramin VGA, shuɗin nan mai fil 15, HDMI da DVI gare su, in allonka VGA ne sai ka haɗa da abin juyawa. Akwai kuma jabun kati a kasuwa, tsoho da aka sauya wa suna, manhajar GPU-Z tana tona da yawansu. Bayan an saka, rubuta chrome://gpu a wurin adireshi, ka tabbata layin Video Decode yana cewa Hardware accelerated.

Ra'ayina dai, in gyaran kyauta ya ba ka 720p mai tafiya sumul, tsaya nan, karatu da darasi ba sa buƙatar fiye da haka. In bai isa ba, kafin ka sayi kati da RAM da SSD ka tara kuɗinsu wuri ɗaya ka tambayi farashin kwamfutar hannu mai Core i3 ko i5 tsara ta takwas. Dalilina ba bidiyo kaɗai ba ne. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10 na gama-gari, Windows 11 kuma daga tsara ta takwas take karɓa a hukumance. Sababbin fitowarta, daga 24H2, ba sa ma tashi a kan Core 2 Duo ko an bi ta bayan gida, saboda wani umarni da furosesar ba ta da shi. Komawa Windows 7 kuma ba mafita ba ce, tallafinta ya ƙare tun Janairun 2020, Chrome ma ta tsaya mata a lamba 109. Linux Mint mai Xfce zai riƙe tsohuwar da mutunci don rubutu da shiga intanet, ya fi Windows 10 sauƙi a kanta, amma shi ma ba zai ƙirƙiro mata injin da ba ta da shi ba.

In ka shiga kasuwa, kada sunan Core i5 ko i7 ya ruɗe ka, lambar da ke biye ita ce magana. i5-2400 ta 2011 ce, i5-7500 ta 2017, i5-8500 ta 2018. A masu lamba huɗu irin waɗannan, lambar farko bayan ɗan layin ita ce tsara; daga tsara ta goma lambobi biyun farko ne; mai lamba uku kacal irin i5-650 kuwa tsara ta farko ce. Daga tsara ta bakwai Intel ta saka cikakken injin VP9 da HEVC mai 10bit, AV1 kuma sai daga ta sha ɗaya. A wajen kallo, i3 tsara ta takwas ta fi i7 tsara ta uku. In da sola ko inbata kake aiki, duba ƙananan kwamfutocin nan masu Intel N100 na 2023: furosesar wat 6 aka ƙayyade mata, E8400 kuwa 65, kuma tana warware har AV1.

Ko kati za ka saya ko kwamfuta, zuba fayil biyu daga cikin waɗanda suka fi ba ka wahala a filash ka tafi da su. A kunna a shagon, a cika allo, a buɗe Task Manager a gefe, ka bar shi ya yi minti goma kana kallon lambar furosesa kafin ka ciro kuɗi.